Layin dogo daga Duwala zuwa Ngaundere: tarihinsa, aikinsa, da rabonmu a cikinsa

Jawabin da ofishin magatakarda ya gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

  



Kwamiti ya ɗora wa ofishin magatakarda ya yi magana a kan jirgin ƙasa. Mu da ke wannan ofis yara ne a gabanku, an haife mu mun tarar da jirgi yana shigowa Ngaundere. A cikin wannan zaure akwai waɗanda suka ga ranar da ya fara shigowa da idonsu. Saboda haka muna neman izinin iyaye kafin mu buɗe baki.

Dalilin zaɓen wannan batu a fili yake. In aka buɗe littafin koke-koke da ke hannunmu, za a ga yawancin abin da ke ciki ko dai a tasha ya fara, ko a tasha ya ƙare. Wanda yake sayar da albasa a Duwala, da wanda yake jiran shinkafa a Injamena, da mai kai shanu Yawunde, duk wannan ƙarfe ne ya haɗa su. Abin da abincin mutum ya rataya a kansa kuwa, ya kamata ya san asalinsa da yadda yake tafiya. Waiwaye adon tafiya ne. Za mu waiwaya, sannan mu zo kan shawarwari guda huɗu da muke so a yanke hukunci a kansu kafin a watse.

Kafin zuwan jirgi

Kakanninmu sun riga dogo sanin wannan hanya. Fatake sun daɗe suna sauka daga Adamawa zuwa kurmi, ta Tibati da Yoko, da jakuna da 'yan alaro. Sukan kai tufafi da kanwa da kayan fata, su komo da goro da hauren giwa, daga baya kuma da roba. Zangunan da suka riƙa sauka su ne suka zama unguwannin Hausawa da muka sani a yau, irin su Briqueterie a Yawunde da ɓangaren New Bell a Duwala.

Shanu kuwa a ƙafa ake kora su. Tafiya ce ta makonni. In garke ya shiga kurmi sai tsando ya far masa, saniyar da ta bar tudun Adamawa da ƙiba ta isa kasuwa ƙashi da fata, wata ma ba ta isa ba. Dillali a kudu ya san mai shanu ba shi da halin komawa da su, sai ya taya yadda ya ga dama. Wannan ita ce kasuwar da iyayenmu suka tarar.

Aikin Jamus da na Faransa

Jamusawa ne suka fara shimfiɗa dogo a Kamaru, kuma ba don mu suka yi ba. Sun yi ne don fitar da amfanin gona da katako zuwa teku. Layin farko ya tashi daga Bonaberi, a ƙetaren kogin Wuri, ya nufi Nkongsamba. An fara shi a 1906, aka buɗe shi a 1911, tsawonsa kilomita 160. Na biyu ya tashi daga Duwala ya nufi tsakiyar ƙasa, ya ƙetare kogin Sanaga a Edeya. Lokacin da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, aikin ya kai wajejen Eseka, sai ya tsaya.

Bayan yaƙi Faransa ta karɓi mafi yawan ƙasar, ta ci gaba da aikin daga 1922. Abin da ya rage kafin Yawunde shi ne mafi wuya, duwatsu ne da kwazazzabai da kurmi. An yi aikin da mutanen da aka kamo daga ƙauyuka da ƙarfin tsiya, da diga da kwando. Yunwa da cuta da duka sun kashe da yawa, musamman a wani wuri da ake kira Njok. Har yau a kudancin ƙasar nan, sunan Njok yana cikin kalmar da mutane ke kiran aikin tilas da ita. Jirgi ya isa Yawunde a 1927. Duk wanda ya bi wannan yanki yana gyangyaɗi a kujera, ya tuna cewa da rayukan bayin Allah aka fasa dutsen.

Akwai abu ɗaya da ya shafe mu a matsayinmu na 'yan ƙungiya. A watan Satumba na 1945 ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka fara yajin aikin da ya girgiza Duwala, kan ƙarancin albashi. An zubar da jini a wannan rikici. Amma tun daga lokacin aka gane cewa talakawa in suka haɗa kai, dole a saurare su. A 1947 aka kafa hukumar jiragen ƙasa da aka fi sani da Regifercam. A tsakiyar shekarun 1950 aka gama gadar Wuri, layukan biyu suka haɗu.

Yadda ya iso Ngaundere

Shekara talatin da bakwai dogo ya yi yana tsaye a Yawunde bai ƙara taku ɗaya zuwa arewa ba. Sai bayan samun 'yancin kai, a zamanin Shugaba Amadu Ahijo, aka ɗauko maganar da gaske. Manufar ita ce a ɗaure arewa da kudu, a kuma buɗe wa Cadi ƙofar teku. An samu kuɗin daga Tarayyar Tattalin Arzikin Turai ta wancan lokaci, da Amurka, da Faransa. Kamfanin Cogefar na Italiya ne ya yi aikin.

An fara a 1964. Layin ya bi ta Obala da Nanga-Eboko, yana bin gefen Sanaga, ya isa Belabo a 1969. Daga nan ya juya arewa ta Mbitom da Ngaundal, yana hawa a hankali har tudun Adamawa, ya isa Ngaundere a 1974. Daga Yawunde zuwa nan kilomita 620 ne da 'yan kai. A shekarun 1970 da 1980 kuma aka sake miƙar da tsohon layin Duwala zuwa Yawunde, aka fasa ramuka a cikin duwatsu aka gina manyan gadoji, tsawonsa ya ragu daga kilomita 300 da wani abu zuwa kimanin 263. In aka haɗa, daga bakin teku zuwa tasharmu kusan kilomita 885 ke nan.

A nan ya tsaya. Wanda ya taɓa sauka daga Ngaundere zuwa Garwa da mota ya san gangaren da ke kan hanya, inda birki ke ƙonewa, inda tireloli ke kwanciya. Garinmu yana sama da mita 1,000 daga matakin teku, kwarin Binuwai kuwa yana can ƙasa. Saukar da dogo ta wannan gangare aiki ne mai cin kuɗi, kuma har yau ba a yi ba.

Wannan tsayawa ita ce ta gina kasuwar da muke ci a ciki. Tunda ƙarfe ya ƙare a nan, duk abin da jirgi ya kawo sai an sauke shi an ɗora wa mota, duk abin da mota ta kawo daga arewa sai an sauke an loda wa jirgi. Daga nan ne ɗan dako ya samu aiki, da mai sito, da direba, da mai abinci, da mai masauki, da mu masu rubutu. Mu riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Yadda layin yake aiki a yau

A shekarun 1980 da 1990 tattalin arziki ya karye, hukumar jiragen ta shiga bashi, kayan aiki suka tsufa. A 1999 gwamnati ta ba kamfanin Camrail hayar tafiyar da layin. Dogon kansa mallakar ƙasa ne, kamfani ke gudanar da jirage a kai. Rukunin Bolloré na Faransa ne ya daɗe yana riƙe da kaso mafi girma. A 2022 ya sayar da harkarsa ta sufuri a Afirka ga kamfanin jiragen ruwa na MSC, aka sauya mata suna zuwa AGL a 2023. Babban garejin gyara yana unguwar Basa a Duwala.

Akwai abubuwa uku game da aikin layin da in ɗan kasuwa ya gane su, zai rage wa kansa asara.

Na farko, layi ɗaya ne tal. Jirgi mai hawowa da mai sauka ba su iya wuce juna sai a tasha, inda aka yi reshe. Dole ɗaya ya raɓe ya jira. In kan jirgi ya lalace a daji, ko tarago ya goce, ko ruwan damina ya cinye ƙasar da ke ƙarƙashin dogo, to duk abin da ke gaba da abin da ke baya ya tsaya. Haka ginin yake tun asali. Shi ya sa mai kayan da ke saurin lalacewa ya kamata ya sa kwanakin jira a cikin lissafinsa, musamman da damina.

Na biyu, kaya ne ke riƙe da layin, fasinja na biye. Abin da ke hawowa shi ne man fetur da gas zuwa rumbunan mai, da shinkafa, fulawa, sukari, taki, siminti, da kwantenoni masu wucewa Cadi. Abin da ke sauka shi ne audugar arewacin Kamaru da ta Cadi, da katako daga Belabo, da dabbobi, da amfanin gona. Lokacin da ake shimfiɗa bututun mai daga Doba zuwa Kiribi, wanda aka gama a 2003, wannan layi ya yi dakon bututun da yawa. Manyan masu kaya sukan ɗauki tarago da dama a lokaci guda, da yarjejeniya ta dogon lokaci. Mai buhu hamsin ba ya iya tsayawa kusa da su shi kaɗai.

Na uku, tarago ba ya son komawa wayam. Wanda ya hawo da shinkafa dole ya koma Duwala, da kaya ko babu. Wanda ya iya cewa ga lodi cikakke, ga ranar da zai kasance a tasha, ga takardunsa a shirye, shi ne yake da bakin magana.

Jirgin fasinja kuwa kowa ya san shi. Yakan tashi da yamma daga kowane ɓangare, ya kwana yana tafiya, ya isa da safe ko da hantsi. Akwai ɗakunan kwana masu gado biyu da masu gado huɗu, akwai kujerun aji na ɗaya da na biyu. Ga ƙauyukan da ke tsakanin Belabo da Ngaundal, inda hanyar mota ba ta da kyau, wannan jirgi shi ne kasuwarsu. Matan da ke tallan zuma da ayaba da ƙunshin rogo a bakin taga da tsakar dare, da 'yan mintocin nan na tsayuwar jirgi suke ciyar da gida.

Daga tasharmu kaya sukan rabu. Wasu su bi Garwa, Marwa, Kusiri, su haye gadar Ngeli zuwa Injamena. Wasu su bi Tuboro zuwa Mundu. Na Afirka ta Tsakiya sukan sauka tun a Belabo, su bi Bartuwa da Garwa-Bulai zuwa Bangi. Cadi ba ta da teku, ba ta kuma da layin dogo, mafi yawan abin da take shigowa da shi ta Duwala yake bi, tafiyar kusan kilomita 1,800. Yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka yi a 1999 ta raba dakon kayan Cadi a mota: kashi 65 cikin ɗari ga motocin Cadi, 35 ga na Kamaru. Direbobinmu sun san wannan lissafi fiye da mu.

Tun da aka gama kwaltar Garwa-Bulai zuwa Ngaundere, tirela tana iya ɗauko kaya daga Duwala ta wuce ba tare da ta leƙa tasha ba. Mota ta fi sauri in hanya ta yi kyau, kuma tana kai kaya har ƙofar sito. Jirgi ya fi ɗaukar nauyi, ba ya kuma tsayawa a kowane shinge. Kowanne da ranarsa. Ɗan kasuwa mai hankali yakan auna kayansa ya ga wanne ya dace da su.

Ranaku biyu da ba a mantawa

Ranar 14 ga Fabrairu 1998, taragun mai suka yi karo a unguwar Nsam da ke Yawunde, mai ya riƙa kwarara. Jama'a suka taho da bokitai da jarkoki suna kwasa. Wuta ta tashi. Fiye da mutum 100 suka halaka, wasu da dama suka ƙone.

Ranar Juma'a 21 ga Oktoba 2016, ruwa ya yanke babbar hanyar mota tsakanin Yawunde da Duwala. Matafiya suka kwararo tashar jirgi. Aka ƙara wa jirgin taragu takwas. Da ya zo gangaren Eseka sai ya goce daga kan dogo. Alƙaluman gwamnati sun ce mutum 79 ne suka rasu, fiye da 500 suka ji rauni. Kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ya ambaci gudu fiye da ƙima, da lodi fiye da ƙima, da matsalar birki, ya ɗora babban alhakin a kan kamfanin. A 2018 kotu a Eseka ta same shi da laifi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri.

Mun kawo waɗannan ne don akwai darasi a ciki da ya shafe mu kai tsaye. Mu ma masu lodi ne. Sau nawa muke matsa wa direba ya ƙara buhu goma a kan abin da motarsa za ta iya? Sau nawa yaranmu ke rugawa da jarka in tankar mai ta faɗi a hanya? In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Abin da littafinmu ya nuna

Iyayenmu, a gafarce mu, yanzu za mu taɓa kanmu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Da muka zauna muka bi koke-koken da aka kawo ofis, mun ga yawancinsu iri ɗaya ne. Mutum ya ba wani kuɗi a bakin tasha ko a bakin iyaka don ya sama masa wuri ko ya fitar masa da takarda. Babu rasit, babu shaida, wani lokaci ko cikakken sunan mutumin bai sani ba. In abu ya ɓaci sai ya zo ofis ya ce ƙungiya ta bi masa haƙƙinsa. Da me za mu bi?

Akwai wata baiwar Allah a cikinmu, mijinta ya rasu ya bar mata yara da ɗan jari. Ta sayi albasa a ƙasar Marwa, ta kawo nan da niyyar kaiwa kudu. Wani ɗan kamasho ya karɓi kuɗinta, ya ce gobe za a loda. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama mako. Buhuna suna jibge a rana, ruwa kuma ya zo ya same su. Ranar da ta zo ofis, warin albasar ya riga ta shigowa. Mun nemi mutumin, wayarsa a kashe. Da muka bincika sai muka tarar ko sunanta ba a rubuta a ko'ina ba. Abin da ƙungiya ta iya yi mata shi ne karo-karo a masallaci, kuma abin da aka tara bai kai rabin jarinta ba. Yanzu ƙosai take soyawa. Tana nan a cikin zauren nan, ita ce ta ce mu faɗa, don kada ya sami wata.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne, a makon nan da albasarta ke ruɓewa, akwai 'yan ƙungiya da dama da su ma suke da kaya masu tafiya kudu. Kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa, kowa da nasa ɗan kamasho, kowa yana biyan la'ada daban. Da an haɗa kayan nan wuri ɗaya da sun cika tarago, da takarda ɗaya da sunan ƙungiya a kai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai kuma masu rage nauyi a takarda. Mutum ya san kayansa sun kai kaza, ya rubuta ƙasa da haka don ya rage kuɗi. In aka ɗora a sikeli asiri ya tonu, sai tara, sai kaya su kwana, kuɗin ajiya na hawa. In kuma kayan suka ɓata, abin da ya rubuta shi za a duba. Sannan ya ɓata wa sauran 'yan ƙungiya suna a wurin duwan.

Abin da ke tafe

A 2014 Kamaru da Cadi suka sa hannu kan yarjejeniyar miƙa layin daga Ngaundere zuwa Injamena, Bankin Raya Afirka kuma ya ba da kuɗin nazarin aikin. An yi ta muhawara kan hanyar da zai bi, ko ta Garwa da Marwa da Kusiri, ko ta Mundu. Ana kuma shirin sabunta dogon da ke tsakanin Belabo da Ngaundere, kimanin kilomita 330, wanda ya tsufa ƙwarai, da tallafin Turai. Ga kuma ma'adinin da ake yin sanholo da shi a Minim-Martap da Ngaundal, wanda in aka fara haƙarsa sosai ta wannan layi zai bi zuwa teku. Layi ɗaya ne, kuma kowane jirgin ma'adini wuri zai ci.

Mu koma kan maganar da muka ce a riƙe. Arzikin garin nan ya zo ne saboda dogo ya ƙare a nan. Ranar da ya wuce, kwantenar Injamena ba za ta sauka a tasharmu ba, za mu dai gan ta ta wuce. Ɗan dako da direba da mai sito za su ji a jikinsu. Ba muna cewa kada a yi ba ne, 'yan'uwanmu na Cadi sun daɗe suna biyan tsadar rashin dogo, kuma su ma 'yan ƙungiyar nan ne. Muna cewa ne mu shirya tun yanzu, mu kuma tabbata in ana zaman shawara akwai kujerarmu a wurin.

'Yan'uwanmu na Najeriya sun ga irin wannan. Jirgi ya isa Kano a 1911, ya mai da ita cibiyar gyaɗa. Ya isa Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Da layin ya lalace, garuruwan da suka dogara da tasha sun ji jiki. Yanzu ana gina sabon layi daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021. A Nijar kuma an shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, amma bai haɗu da na Binin da ya tsaya a Paraku ba, don haka yana kwance babu kaya a kansa. Dogon da bai kai teku ba, ƙarfe ne kawai a daji.

Wasu sukan tambaye mu me ya hana a haɗa namu da na Najeriya. Ban da kuɗi da siyasa, akwai maganar faɗi. Tsakanin ƙarafan dogon Kamaru milimita 1,000 ne, wato mita ɗaya cif. Tsohon layin Najeriya milimita 1,067 ne, sababbin kuma 1,435. Taragon wannan ba ya hawa dogon wancan. Kowane Bature ya auna nasa ya nufi da shi tashar jirgin ruwansa, babu wanda ya yi tunanin ɗan kasuwar da zai tashi daga Yola ya zo Garwa. Har yau mu ne muke ɗinke wannan ɓaraka da motoci da kawunanmu.

Shawarwarinmu

Ga abin da ofishin magatakarda yake roƙon wannan taro ya amince da shi.

Ɗaya, a buɗe littafin haɗa lodi. Duk mai kayan da za su tafi kudu ko za su hawo, ya sanar da ofis tun da wuri: irin kayan, yawan buhu, da ranar da za su iso. In sun kai cikon tarago ko cikon tirela, ƙungiya ta nema da sunanta, a raba kuɗin gwargwadon nauyin kowa. Mun san abin da ke hana mutane, tsoron kada a san cinikinsu. Littafin ba zai tambayi nawa ka saya ko wa za ka sayar wa ba. Muna kuma ba da shawara dattawa biyu su riƙa duba shi, don kada a ce yara sun riƙe sirrin manya.

Biyu, kada ɗan ƙungiya ya ƙara ba kowa kuɗi babu rasit. Ofis zai liƙa sunayen masu fiton kaya da ke da lasisi, waɗanda aka san ofishinsu. Wanda ya bi ta bayan fage ya yi asara, za mu jajanta masa, amma ƙungiya ba za ta shiga shari'arsa ba.

Uku, a kafa asusun taimakon juna. A kan kowane lodi da ya bi ta hannun ƙungiya a cire wani abu kaɗan, wanda taro zai yanke, a ajiye don wanda kayansa suka lalace ba da gangancinsa ba. Muna roƙon malamanmu su duba tsarin don ya dace da shari'a. Muna kuma roƙon a sa 'yar'uwarmu mai albasa ta zama ta farko da asusun zai tallafa wa, ko da rance ne, ta koma kasuwa.

Huɗu, a naɗa wakilai uku, ɗaya daga nan, ɗaya daga ɓangaren Cadi, ɗaya daga cikin mata, su riƙa bin duk zaman da hukuma za ta kira kan gyaran layi da miƙa shi, su kawo wa ƙungiya rahoto a rubuce.

Duk waɗannan ba za su yiwu ba in ba a biyan kuɗin wata. Ba za mu karanta sunaye a ranar farin ciki ba, amma kowa ya san kansa. Teburin ma'aji yana bakin ƙofa, kuma yana da rasit.

Iyayenmu da suka kafa wannan ƙungiya sun yi ne a lokacin da babu waya a aljihu, amana kaɗai ce takardarsu, kuma ta ishe su domin kowa ya san uban kowa. Yanzu kasuwa ta faɗaɗa, baƙin fuska sun yi yawa. Rubutu ba ya rage amana, tsare ta yake yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu daga cikin masu kafa ƙungiya. Allah ya tsare matafiyanmu a dogo da kwalta, ya sa albarka a cinikinmu, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Mun mayar da magana ga shugaba don a shiga shawara ta farko.